Fasahar UWB da katsalandan ɗin siririn zango: yadda ake gano shi da abin da ya haɗa shi da dokar sararin rediyo

UWB hanya ce ta sadarwa ba tare da waya ba, wadda ke shimfiɗa siginarta a kan zangon rediyo mai matuƙar faɗi, amma da ɗan ƙarfi kaɗan. Haruffan uku taƙaitawa ce ta sunanta na Turanci, wanda ke nufin zango mai matuƙar faɗi. Tana cikin wayoyin iPhone tun daga 2019, da wasu manyan wayoyin Samsung da Google, da 'yar na'urar AirTag da ake maƙala wa makulli ko jaka, da makullan wasu sababbin motoci. Ƙwallon da aka buga gasar cin kofin duniya ta 2022 da ita a Katar ma tana ɗauke da na'urar UWB a cikinta. Babban aikin fasahar a yau shi ne auna tazara: idan babu abin da ya tare tsakani, takan faɗi nisan da ke tsakanin na'urori biyu da kuskuren da bai fi kimanin santimita 10 ba.

Sai dai zangon da take shimfiɗuwa a kai yana da masu shi. A cikinsa akwai Wi-Fi, da 5G, da tauraron ɗan'adam, da rada, wato na'urar hango jirage. Kowannensu ya kama ɗan yanki siriri, yana watsa sigina da ƙarfin da ya ninka na UWB sau dubbai. Idan irin wannan sigina ta faɗa cikin na'urar UWB, injiniyoyi na kiran abin katsalandan ɗin siririn zango. Gano shi yana da amfani biyu. Na farko, da shi ne na'urar ke iya ci gaba da aiki. Na biyu, a wasu ƙasashe sharaɗi ne na doka, domin a kare waɗanda suka biya kuɗin lasisin zangon. Wannan na biyun ne ya fitar da batun daga ɗakin bincike zuwa teburin hukuma, tunda sararin rediyo dukiyar al'umma ce da gwamnatoci ke sayar da lasisinta a kan ɗaruruwan miliyoyin daloli.

Mita, zango da faɗi

Igiyar rediyo kaɗawa take yi, kuma yawan kaɗawarta a sakan ɗaya shi ne mitarta. Ana auna mita da haz, sunan da aka ɗauko daga masanin kimiyyar Jamus Heinrich Hertz. Megahaz ɗaya kaɗawa miliyan ɗaya ke nan a sakan, gigahaz ɗaya kuma kaɗawa biliyan ɗaya. Idan mai gabatar da shiri ya ce ana sauraronsa a mita kaza a zangon FM, megahaz yake nufi.

Kowace sigina tana cin wani faɗi a wannan sarari. Tashar FM guda takan ci kimanin kashi ɗaya cikin biyar na megahaz, kuma duka zangon FM daga megahaz 87.5 ne zuwa 108. Layin Wi-Fi na yau da kullum megahaz 20 ne. Lasisin 5G guda yakan kai megahaz 100. A ƙa'idar Amurka kuwa, sigina ba ta zama UWB sai faɗinta ya kai megahaz 500, ko kashi 20 cikin ɗari na mitar tsakiyarta. Wato layin UWB ɗaya zai iya haɗiye duka zangon FM fiye da sau 20. Don haka kalmar "siriri" a nan ta kwatance ce: Wi-Fi faffaɗa ne idan aka gwada shi da tashar FM, siriri ne idan aka gwada shi da UWB.

Bambancin tafi da usur ya isa ya bayyana tushen lamarin. Usur sauti ne mai tsawo a kan murya ɗaya. Tafi kuwa gajere ne ƙwarai, ba ya da murya takamaimai, domin ya ɗebi kaɗan daga kowace murya. Haka dokar lissafi take: gwargwadon gajartar sigina a lokaci, gwargwadon faɗinta a mita. UWB irin wadda ke cikin wayoyi tana aika 'yan bugu-bugu ne masu tsawon kimanin nanosakan 2, nanosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan. Gajartar bugun ce ke ba ta damar auna lokacin isowarsa daidai, daga nan a lissafa tazara, tunda igiyar rediyo tana cin santimita 30 a nanosakan ɗaya.

Daga tartsatsi zuwa wayar hannu

Rediyon farko faffaɗan zango ne. Hertz a 1887, da Marconi lokacin da ya aika sigina ƙetaren tekun Atlantika a 1901, duk da tartsatsin lantarki suka yi aiki. Irin waɗannan na'urori suna watsa ƙarfinsu ko'ina, suna toshe wa juna hanya. Taron ƙasa da ƙasa da aka yi a Washington a 1927 ya fara taƙaita su, daga baya aka hana su baki ɗaya. Duniya ta koma tsarin rabon filaye: kowace hidima da zangonta, kowace tasha da mitarta, a ƙarƙashin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU.

Tunanin gajeren bugu ya dawo ta hanyar binciken rada da na soja. Gerald Ross na kamfanin Sperry ya sami rajistar mallakar wata fasaha ta wannan fanni a Amurka a 1973. A shekarun 1990, Robert Scholtz da Moe Win na Jami'ar Kudancin Kalifoniya suka shimfiɗa lissafin yadda mutane da yawa za su yi sadarwa da bugu a lokaci ɗaya. Ranar 14 ga Fabrairu 2002 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta amince a yi amfani da UWB ba tare da lasisi ba daga gigahaz 3.1 zuwa 10.6.

Da farko an ɗauka fasahar za ta maye gurbin igiyoyin da ke haɗa kwamfuta da sauran kayanta. Kamfanoni suka rabu gida biyu a kwamitin ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE: wasu na son bugu, wasu na son tsarin OFDM, wanda ke raba zangon gida 14 masu faɗin megahaz 528 kowanne, sannan ya raba kowane gida zuwa ƙananan muryoyi 128. Aka kasa daidaitawa, kwamitin ya watse a Janairun 2006, kayan da aka fitar kuma ba su karɓu a kasuwa ba. Abin da ya rayu shi ne ɓangaren auna tazara, ta ƙa'idar IEEE 802.15.4a ta 2007 da gyararriyarta 802.15.4z ta 2020, wadda wayoyi da motoci ke bi a yau.

Sharaɗin zaman baƙo

Izinin 2002 ya zo da haddi mai tsanani: ƙarfin watsawa kada ya wuce kimanin nanowat 75 a kowane megahaz, abin da injiniyoyi ke rubutawa −41.3 dBm. Wannan shi ne haddin da dokar Amurka ta riga ta sa wa yoyon siginar da ke fita daga kwamfuta da makamantanta ba da niyya ba. Ko da na'ura ta cika duka gigahaz 7.5 da aka ba ta, jimillar ƙarfinta ba za ta fi rabin miliwat da ɗan ɗoriya ba. A layi guda mai faɗin megahaz 500, abin bai kai kashi 4 cikin ɗari na miliwat ɗaya ba.

Gwada wannan da na'urar Wi-Fi mai watsa miliwat 100 a kan megahaz 20. Kowane megahaz nata na ɗauke da miliwat 5, wato ya ninka na UWB fiye da sau dubu sittin. Idan kuma mai katsalandan ɗin ya fi kusa da na'urar karɓa, ratar takan ƙaru, domin ƙarfin sigina yana raguwa da nisa. A wayar hannu, eriyar Wi-Fi da ta UWB 'yan santimitoci ne tsakaninsu.

A doka, na'urar da ba ta da lasisi ba ta da hurumin kai ƙara. Ƙa'idar FCC ta ce dole ta jure duk katsalandan ɗin da ya same ta, kuma kada ta cutar da mai lasisi. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Saboda haka nauyin sanin wanda ke kusa, da kauce masa, a wuyan UWB yake.

Ɓarnar da katsalandan ke yi

Na'urar karɓa ta UWB tana da kariya ta asali. Takan tara ɗaruruwan bugu da ta san tsarinsu, ta haɗa su wuri ɗaya, sai siginar da take nema ta ƙaru yayin da baƙuwar sigina ke soke kanta da kanta. Wannan kariya tana da iyaka, kuma ɓarna kan shigo ta ƙofofi uku.

Ƙofar farko ita ce amfilifayar da ke bayan eriya. An gina ta ne don ƙara wa raunanan sigina ƙarfi, ƙofarta kuma a buɗe take ga duka zangon. Idan sigina mai ƙarfi ta shigo, sai ta cika ta tumbatsa, abin da ya fito daga cikinta ya jirkice. Ta biyu ita ce sashen da ke mayar da sigina lambobi. Na'urar kan rage ƙarfin duk abin da ya shigo don ya dace da ma'auninta, kamar mai awon da ya sa buhu a sikelin da aka yi don awon zinariya: buhun zai auno, ƙwayar zinariyar da ke kansa kuwa ba za ta nuna ba. Ta uku ita ce gano bugun da ya fara isowa. A cikin ɗaki sigina kan iso ta hanyoyi da yawa bayan ta bugi bango da rufi, kuma wadda ta zo kai tsaye ce kaɗai ke nuna tazarar gaskiya. Sau da yawa ita ce mai rauni. Idan katsalandan ya binne ta, na'urar kan ɗauki wadda ta biyo baya, kuskuren nanosakan 3 kuwa kusan mita ɗaya ne a ƙasa.

Na'urori masu araha da ke auna jimillar ƙarfin da ya shigo kawai, ba tare da duba tsarin bugun ba, su suka fi shan wahala, domin ba su da hanyar bambance baƙo da na gida.

Hanyoyin ganowa

Tambayoyin da ake son amsawa su ne: akwai baƙuwar sigina ko babu, a wace mita take, mene ne faɗinta da ƙarfinta, kuma wace iri ce. Hanyoyin sun bambanta a yawan amsoshin da suke bayarwa da kuma wutar da suke ci.

*Awon ƙarfi.* Wannan ita ce mafi sauƙi. Na'urar kan yi shiru na ɗan lokaci, ta saurari zangon, ta auna ƙarfin da ke ciki. Idan ya haura abin da ake tsammani daga hayaniyar da kowace na'urar lantarki ke haifarwa da kanta, sai a ce akwai baƙo. Harry Urkowitz ne ya shimfiɗa lissafin wannan hanya a 1967. Ba ta buƙatar sanin komai game da mai katsalandan. Rauninta shi ne ita kanta hayaniyar tana sauyawa da zafi da tsufan na'ura. Rahul Tandra da Anant Sahai na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun nuna cewa saboda wannan rashin tabbas akwai matakin da idan sigina ta yi ƙasa da shi, awon ƙarfi ba zai gano ta ba komai tsawon sauraro.

*Rarraba mitoci.* Lissafin Fourier yana warware sigina zuwa muryoyin da suka haɗu suka yi ta. Tun da James Cooley da John Tukey suka wallafa hanyar yin sa cikin sauri a 1965, wadda ake kira FFT, ya zama kayan aikin yau da kullum. A hoton da yake fitarwa, UWB kan kwanta shimfiɗe kamar fili, siririn zango kuma ya miƙe kamar hasumiya, a ga mitarsa da faɗinsa. Tsarin OFDM yana da sa'a a nan, domin dama yana yin wannan lissafi a kan muryoyinsa 128, masu tazarar megahaz 4.125 tsakaninsu, sai kawai a duba wadda ta fi 'yan'uwanta tsawo. Akan gwada kowace murya da ta tsakiyar jeri maimakon matsakaicin jimilla, don kada hasumiyar ta ja ma'aunin sama ta ɓoye kanta. Matsala ɗaya ita ce sigina mai ƙarfi kan malala zuwa muryoyin maƙwabta, ta nuna kamar ta fi faɗinta, don haka akan tausasa gefunan samfurin kafin lissafi. Wata kuma ita ce tsada: zango mai faɗin megahaz 500 yana buƙatar awo kusan biliyan ɗaya a kowane sakan.

*Hasashen abin da ke tafe.* Usur yana maimaita kansa, wanda ya ji farkonsa zai iya faɗin abin da zai biyo baya. Hayaniya da gajeren bugu ba haka suke ba. Ana gina matata mai koyo, wadda ke ƙoƙarin hasashen awo na gaba daga waɗanda suka gabata. Duk abin da ta iya hasashe, shi ne katsalandan ɗin, sai a cire shi a bar saura. Tushen irin wannan matata shi ne dabarar LMS da Bernard Widrow da Ted Hoff suka fitar a Jami'ar Stanford a 1960. Fa'idarta ita ce tana bin mai katsalandan idan ya sauya mita, amma tana buƙatar lokacin koyo, Wi-Fi kuwa zuwa yake ya wuce cikin ƙiftawar ido.

*Duba siffar ƙididdiga.* Akwai ma'aunin da ake kira kurtosis, wanda ke nuna yawan ficewar awo daga tsakiya. Hayaniya zalla tana ba da 3, murya ɗaya mai ɗorewa tana ba da 1.5, bugu jefi-jefi kuma yana haura 3. Idan adadin ya faɗo ƙasa, alama ce ta siririn zango. Tauraron SMAP na hukumar NASA, wanda aka harba a 2015 don auna damshin ƙasa, yana amfani da wannan ma'auni wajen tsame siginar mutane daga awonsa. Yana da makanta guda sananniya: muryar da ke kunnuwa rabin lokaci ta mutu rabi tana ba da 3, sai ta wuce a matsayin hayaniya. Dangin wannan hanya su ne dabarun da ke amfani da lissafin jadawali, irin MUSIC ta Ralph Schmidt, masu iya raba muryoyi biyu da ke dab da juna, sai dai lissafinsu na da nauyi.

*Neman sa hannun mai sigina.* Kowace siginar da ɗan'adam ya ƙera tana da abin da take maimaitawa a kan ƙa'ida, kamar gabatarwar da ke farkon kowane saƙon Wi-Fi ko tsawon kowane harafin 5G. Binciken William Gardner a shekarun 1980 ya nuna yadda za a gano irin wannan maimaici ko da siginar ta nutse a ƙarƙashin hayaniya. Wannan hanya ce ke iya cewa wannan rada ce, wancan Wi-Fi ne, bayanin da doka ke buƙata tunda ba kowa aka wajabta kauce wa ba. A 'yan shekarun nan masu bincike na gwada horar da kwamfuta ta yi wannan rarrabewa daga misalai.

Batir ne ke yanke hukunci tsakanin waɗannan hanyoyi. AirTag na aiki kusan shekara guda da ɗan batir mai girman kwabo, don haka ba ta da wutar yin dogon lissafi. Abin da aka fi yi shi ne mataki biyu: awo mai araha da ke gadi, sannan bincike mai zurfi idan mai gadin ya ga wani abu.

Kuskuren zargi da kuskuren sakaci

Kowace hanya daga ƙarshe tana komawa ga haddi: adadin da idan awo ya haura shi za a ce akwai baƙo. Idan aka sa haddin ƙasa, na'urar za ta riƙa ganin baƙo inda babu, ta bar zango mai kyau ko ta yi shiru a banza. Wannan kuskuren zargi ne, mai na'urar ke ɗaukar asararsa. Idan aka ɗaga haddin, za ta riƙa wuce baƙon da ke nan, ta yi watsawa a kansa. Wannan kuskuren sakaci ne, kuma mai lasisi ke ɗaukar asararsa. Rage ɗaya yana ƙara ɗayan, sai fa idan an tsawaita sauraro, shi kuma yana cin lokaci da batir. Jerzy Neyman da Egon Pearson suka tsara wannan ciniki a lissafi tun 1933: a ƙayyade yawan kuskure ɗaya da za a lamunta, sannan a rage ɗayan iya iyawa. Lissafi ba ya faɗin wane kuskure ya fi muni. Hukuma ce ke faɗa, kuma a nan ne kamfanonin waya, da masu tauraron ɗan'adam, da sojoji, da masu ƙera na'urori ke ja-in-ja.

Bayan an gano

Na'urar bugu kan sa matata mai yanke ɗan giɓi daidai mitar mai katsalandan. Giɓin kan ɗan jirkita siffar bugun ya jinkirta shi, don haka dole a saka wannan a lissafin tazara. Na'urar OFDM kan kashe muryoyin da abin ya shafa, ko ta yi musu alamar rashin aminci, sai tsarin gyaran kuskure ya cike gurbin daga sauran. Ana iya komawa wani layi, ko a jira mai katsalandan ya gama, ko a jefar da awon da ya gurɓata a sake wani.

A makullin mota wannan na ƙarshen batun tsaro ne. Ɓarayi kan yaudari tsofaffin makullai ta hanyar miƙa siginarsu daga cikin gida zuwa mota. UWB ta toshe wannan ƙofa saboda tana auna lokacin tafiyar sigina, kuma miƙawa ƙara lokaci take yi. Motar da ta lura awonta ya gurɓata, ko da gangan aka yi ko bisa haɗari, abin da ya kamace ta shi ne ta ƙi buɗewa.

Dokar "gano ka kauce"

Tarayyar Turai ta amince da UWB a Fabrairun 2007, da sharuɗɗan da suka fi na Amurka tsauri. Daga gigahaz 6 zuwa 8.5 an ba da cikakken haddi. Daga 3.1 zuwa 4.8 kuwa, na'ura ba za ta yi cikakken ƙarfi ba sai ta ɗauki matakin kariya. Ɗaya shi ne ta saurara, idan ta gano mai lasisi ta rage ƙarfi ko ta bar wurin. Ɗayan shi ne ta taƙaita magana: kada watsawa ɗaya ta wuce kashi 5 cikin dubu na sakan, kada jimilla ta kai sakan 18 a awa guda. Japan ma ta sa sharaɗin kariya a ƙasan zangon.

Tsarin yana da giɓi da ba a iya rufewa da fasaha. Wanda katsalandan ke cutarwa mai karɓa ne, amma mai watsawa kaɗai ake iya ji. Kwanon tauraron ɗan'adam da na'urar masu nazarin taurari sauraro kawai suke yi, babu yadda UWB za ta san suna kusa. Don kare irinsu doka ta koma ga hani kai tsaye: FCC ta hana amfani da UWB a jiragen sama, da jiragen ruwa, da kayan wasan yara, ta kuma hana kafa eriyar sadarwarta ta dindindin a waje.

Akwai darasi daga Wi-Fi, wanda aka wajabta wa irin wannan sauraro a zangon gigahaz 5 don kare rada: ya saurara sakan 60 kafin ya shiga layi, ya fice cikin sakan 10 idan ya ji rada, kada ya dawo sai bayan minti 30. Duk da haka, a 2009 hukumomin Amurka sun gano na'urori marasa lasisi na gurɓata radar yanayi ta filayen jiragen sama, wasu saboda an kashe musu tsarin sauraron, kuma FCC ta ci tarar kamfanoni. Ƙa'ida a takarda tana buƙatar ma'aikata da kayan awo a fili.

Masu ƙera cif ɗin UWB sun zaɓi hanya mai sauƙi, suka haura sama, zuwa layi na 5 mai tsakiya a megahaz 6489.6 da layi na 9 mai tsakiya a 7987.2. Ba a daɗe ba cunkoso ya biyo su. A Afrilun 2020 FCC ta buɗe wa Wi-Fi zangon gigahaz 5.925 zuwa 7.125, wanda ya rufe layi na 5 ɗungurungum.

Inda abin ya shafi Najeriya da Nijar

A Najeriya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ke ba kamfanonin waya lasisin zango da kuma tantance na'urorin sadarwa. A Nijar aikin na hukumar ARCEP ne. A gwanjon Disambar 2021, MTN da Mafab kowanne ya sayi megahaz 100 a zangon gigahaz 3.5 a kan dala miliyan 273.6, daga baya Airtel ya bi sahu. Wannan zango yana tsakiyar ƙasan filin UWB, kuma yana maƙwabtaka da zangon C na tauraron ɗan'adam, wanda ƙasashen da ke samun ruwan sama mai ƙarfi ke dogaro da shi saboda ruwa bai cika kashe shi ba.

Wayoyi da motocin da ke shigowa, sababbi da na hannu, an gina su ne bisa ƙa'idojin ƙasashen da aka ƙera su dominsu. Wayar da aka saya a kasuwar Farm Centre a Kano tana ɗauke da hukuncin da aka yanke a Washington ko Brussels game da wanda za a saurara wa da wanda za a kauce wa.

Inda ƙasashen Afirka ke da ƙuri'a shi ne babban taron rediyo na ITU, wanda ake yi kusan duk shekara huɗu, kuma Ƙungiyar Sadarwa ta Afirka mai hedikwata a Nairobi ke daidaita matsayin nahiyar kafin a je. Taron Dubai na ƙarshen 2023 ya ware megahaz 6425 zuwa 7125 don sadarwar wayar hannu a shiyya ta ɗaya, wadda ta ƙunshi Afirka, da Turai, da Gabas ta Tsakiya. Wannan ya ci fiye da rabin layi na 5. Ajandar taron 2027 kuma ta ƙunshi nazarin ba wa wayar hannu wasu sassa tsakanin megahaz 7125 da 8400, inda layi na 9 yake. Idan aka amince, hasumiyoyin waya za su iya zama maƙwabtan UWB a layin da ta koma don neman sarari, kuma iya gano siririn zango da kauce masa zai zama abin da makullin mota da wayar hannu ke dogaro da shi kullum. Wakilan Najeriya da Nijar na cikin waɗanda za su yanke wannan hukunci.